Sunayen Ranaku a Hausa da Harshen Cek: Inda Lissafi Ya Saɓa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a nuna wani tarko da ke jiran Bahaushe idan ya tashi koyon sunayen ranaku a harshen Cek, watau harshen mutanen birnin Prag. Ba baƙon abu ba ne ɗan Afirka ya koyi wannan harshe, domin daga 1961 zuwa 1974 akwai jami'a sukutum a Prag da aka kafa musamman saboda ɗalibai baƙi.

Sanin kowa ne Hausa daga Larabci ta ari sunayen ranakunta, kuma biyar daga cikinsu ƙidaya ce zalla. Lahadi ɗaya ke nan, Litinin biyu, har zuwa Alhamis, biyar. Sai dai kunnen Bahaushe ya daina jin ƙidayar. Falken da ya kora shanu zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis bai damu da cewa sunan ranar da kalmar hamsin tushensu ɗaya ba, haka ma iyayen da suka raɗa wa 'yarsu Lami a Gumel ko Gagarawa.

To, su ma Cek ƙidaya suke yi, amma daga Litinin suke farawa. Lahadi suna ce mata neděle, ma'ana ranar da ba a aiki. Litinin kuwa pondělí, watau mai bin Lahadi. Talata úterý ce, daga wata tsohuwar kalma mai nufin na biyu, Laraba kuma středa, tsakiya. Daga nan sai čtvrtek, ta huɗu, da pátek, ta biyar.

A nan gizo ke saƙa. Wanda ya yi karatun allo ya san hamsa biyar ce, saboda haka da ya ji an ce pátek daga pět take, watau biyar, sai ya ɗauka Alhamis ake nufi. Alhali kuwa pátek Jumma'a ce. Ranar kasuwar Maigatari čtvrtek ce, ta huɗu, wadda a lissafin Larabci ta faɗa kan Laraba. A ganina mai ɗan ilmin Larabci ya fi wanda ba shi da shi haɗarin ɓata, don shi ne zai tsaya yin lissafi.

Har ila yau akwai maganar dare. A wurinmu dare shi ke gaba da yini, shi ya sa daren Jumma'a yake farawa da faɗuwar ranar Alhamis. Mutumin Prag har yanzu čtvrtek yake kiran wannan maraicen, sai sha biyun dare ta buga.

Rana ɗaya ce harsunan biyu suka yi tarayya a kanta. Asabar da sobota duk suna komawa ga kalmar Ibrananci ta ranar hutu, tamu ta biyo ta Larabci, tasu ta hanyar addinin Kirista.