Darasin Kimiyya A Gonar Tumatir

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga gonakin Kadawa da Garun Malam kore shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. To, amma manomi yakan zuba takin zamani fiye da kima, ya wayi gari dashen tumatirinsa ya yi yaushi, alhali ƙasa a jiƙe take. Mene ne dalili?

Amsar tana cikin ƙwayar halitta, watau ɗan mitsitsin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, wanda Robert Hooke na Ingila ya fara bayyanawa a 1665. Ƙwayar tsiro tana da cibiya mai sarrafa ayyukanta, da tantani da ya lulluɓe ta, da katanga daga waje.

Ruwa yakan ratsa tantanin nan ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Takin zamani kuwa dangin gishiri ne. In ya yi yawa a ƙasa, sai ruwa ya fice daga ƙwayoyin saiwa, su motse, shuka ta langaɓe.

Ɗalibin da ya riƙe wannan zai ci jarrabawa, ya kuma ceci gonar mahaifinsa.