ADC na Ciki ko na Waje: Wanne Zai Faɗa Maka Gaskiyar Batirin Sola?

Tun 2009 aka ba da kwangilar tashar lantarki mai megawat 215 a Kudenda, amma masu shagon caji a unguwar sola da batiri suka riƙe. Shi ya sa matasa masu harhaɗa na'urori ke son ƙera ƴar na'urar da za ta turo ƙarfin batirin zuwa waya. A nan ADC ke shigowa: shi ne ke mayar da ƙarfin wuta zuwa lambobin da kwamfuta ke ganewa. Akwai shi a wayarka ma, shi ke karɓar muryarka daga makirfo.

Arduino Uno yana zuwa da nasa a ciki, mai bit 10, wato matakai 1024. Idan ka rage wutar batiri da resista biyu yadda zai iya auna har volt 15, kowane mataki kusan milivolt 15 ne. Ga batirin ruwa, wanda ke sauka daga wajen volt 12.7 zuwa 12.2 idan ya kai rabi, wannan ya isa.

Matsalar ba a bit take ba. Uno yana kwatanta abin da yake aunawa da volt 5 ɗin da ke kunna shi. Idan caja mai araha ta ba shi 4.8, lissafi ya kauce da kashi 4 cikin 100, wato kusan rabin volt a batirin. Sai wayarka ta nuna a cike yake alhali ya kai rabi, kuma yawan zuƙe batirin ruwa ƙasa da rabi na rage masa kwana. Maganin kyauta ne: ka umarci Uno ya yi amfani da ma'auninsa na ciki mai volt 1.1, ka sauya resistocin su dace da shi, sannan ka daidaita da mita.

ESP32 ya fi jan hankali saboda Wi-Fi, kuma nasa bit 12 ne. Sai dai yana karkacewa a farkon ma'auni da ƙarshensa, sannan ƙafafun ADC2 ba sa aiki idan Wi-Fi na kunne. Ka tsaya a ADC1.

To, yaushe za ka sayi na waje? Idan batirinka LiFePO4 ne. Ƙarfinsa kusan a tsaye yake tun daga kashi 20 har 80, bambancin ɗan kaɗan ne. A ganina nan ADS1115 na kamfanin Texas Instruments ya cancanci kuɗinsa: bit 16, da ma'auninsa a ciki, wayoyi biyu na I2C kawai yake sadarwa da su. Ba shi da sauri, awo 860 a daƙiƙa, amma batiri ba gudu yake ba.

Mai Raspberry Pi 4 kuwa ba shi da zaɓi, domin babu ADC a jikinsa ko ɗaya. Dole ya ƙara irin su MCP3008.