Tafiya da Yara a Jirgin Ruwa

Daga 1951 zuwa 1974 akwai wani babban jirgin ruwa mai suna Aureol, wanda yakan ɗauki mutane daga Ikko zuwa Ingila. Tafiyar takan ci kimanin mako biyu. Yau jirgin sama ya karɓe wannan aiki, amma har yanzu iyaye da 'ya'yansu sukan shiga manyan jirage don yawon buɗe ido.

Jirgin ruwa kamar gari yake, amma gari ne wanda teku ta kewaye. Saboda haka kafin a tashi akan koya wa kowa sa rigar hana nutsewa, a nuna inda za a taru in an busa ƙaho. Yaro mai hankali ba ya hawa shingen gefen jirgi, gama wanda ya faɗa teku da wuya a gan shi.

In jirgi ya shiga tangaɗi, sai tashin zuciya ya kama yaro, domin jikinsa yana jin motsi, idonsa kuwa yana ganin ɗaki tsaye cik. Maganinsa, babba ya fitar da shi sarari, ya tsura ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a kuma rage masa abinci mai maiƙo.