Linzamin Harshe: A Hannun Wa Ya Kamata Ya Zauna?

Bakura da Talata Mafara da Maradun, garuruwa uku maƙwabtan juna a yammacin Zamfara, kowannensu ya ba jihar gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari, da Bello Matawalle, saboda haka mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga mas'alar magana da haddinta.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar bayyana ra'ayinsa, sashe na 45 kuma ya yarje wa hukuma ta taƙaita wannan dama domin tsaro da zaman lafiya. Malamanmu kuwa, tun kafin zuwan Nasara, sun haramta ƙazafi da annamimanci da ingiza jama'a zuwa fitina. Ashe babu saɓani a kan cewa harshe yana bukatar linzami, saɓanin yana kan mai riƙe shi.

A watan Agusta na 2016, da aka zargi wani ɗalibin kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, taron jama'a bai jira alƙali ba, bai nemi shaidu ba, sai ya cinna wuta a gidan mutumin da ya kai ɗalibin asibiti, mutum takwas suka halaka. Shari'ar da aka ƙaddamar a Gusau a 1999 ba ta san irin wannan hukunci ba.

A Oktoban 2022 kuma gwamnatin Matawalle ta rufe NTA ta Gusau da Pride FM da wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron 'yan hamayya, har hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ce jiha ba ta da wannan hurumi, aka janye umarnin. Gudun irin wannan ne ya sa tun farko mutane suka tsorata da ƙudurin Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na 2019, wanda ya tanadi rataya ga wanda kalamansa na ƙiyayya suka jawo asarar rai.

Alhali kuwa ga saƙonnin murya suna yawo a WhatsApp, masu mai da kowane Bafulatani ɗan bindiga, kowane Bahaushe ɗan sa-kai. Waɗannan su ne abin hukuntawa, da doka ƙayyadadda, a gaban alƙali, bisa hujja. Sukar gwamna ba ta cikin wannan babi.