Jiragen Haƙar Mai na Tsakiyar Teku da Bututunsu

1.0 Gabatarwa

Kogin Kwara, wanda ya shigo Nijeriya ta ƙasar Bagudo, yakan tuƙe ne a Tekun Atlantika. Can gaba da bakinsa, inda zurfin ruwa ya wuce mita 1,000, ba a iya kafa dandamali mai ƙafafu. Saboda haka sai aka koma ga wani irin jirgi da ake ɗaure shi wuri ɗaya da sarƙoƙi. Shi ke karɓar ɗanyen mai daga rijiyoyi, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana shi har tankar ruwa ta zo ta kwashe. Na Bonga, wanda ya fara aiki a 2005, yana kimanin kilomita 120 daga gaɓa, kuma cikinsa na ɗaukar ganga miliyan 2. Na Agbami ya biyo baya a 2008, na Egina kuma a 2018.

2.0 Bututun Hawa

Babbar matsalar tana ga bututun da ke hawo da mai daga ƙasan teku. Gindinsa a kafe yake, kansa kuwa yana bin jirgin da igiyar ruwa ke lilo da shi dare da rana. Ƙarfen da ake ta lanƙwasawa ana miƙewa yakan gaji ya tsage, musamman a daidai inda bututun ya taɓa ƙasa. Ga kuma sanyin ƙasan teku, wanda kan daskarar da kakin mai ya toshe hanya, shi ya sa ake naɗe bututun da abin riƙe zafi.

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, a saki bututun ƙarfe ya rataya kamar igiyar shanya mai sako-sako, yadda aka yi a Bonga. Ta biyu, a ɗaura masa abubuwa masu tashi a ruwa, kwatankwacin gorar masunta, su ɗaga tsakiyarsa ya yi doro, doron ya riƙa shanye fizgar jirgi. Ta uku, a tsayar da hasumiyar bututu a ƙarƙashin ruwa, a haɗa kanta da jirgi da mesa mai laushi.

3.0 Kammalawa

A Disamban 2011, kimanin ganga 40,000 suka tsiyaye a Bonga lokacin da ake yi wa wata tanka lodi. Ke nan ingancin bututu ya shafi baitulmalin ƙasa, ya kuma shafi abincin masuntan gaɓar teku.