Zaɓen wayar salula ga mai tafiya ƙetare

Mazaunin Tunuga yana tsakanin ƙasashe uku. Yau yana Gaya, gobe yana cin kasuwar Kamba a Najeriya, jibi ya haye kogin Kwara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Wani kuma yana shirin aikin Hajji. Don haka wajibi ne ya san irin wayar da zai saya tun kafin ya ba da kuɗinsa.

Mene ne zangon waya?

Duk mai sauraron rediyo ya san akwai gajeren zango da matsakaicin zango, kuma akwatin da ba shi da gajeren zango ba ya kama tashoshin nesa. Haka salula take. Kowane kamfani yana aika saƙonsa a kan wani zango da ake aunawa da megahaz. Idan waya ba ta da wannan zango, ba za ta kama layi ba, kome tsadarta.

A tsarin GSM, wanda ƙananan wayoyi ke amfani da shi wajen kira da gajeren saƙo, zanguna huɗu ne. Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna amfani da 900 da 1800. Amurka da Kanada sun ɗauki 850 da 1900. Ke nan wayar da ke da 900 da 1800 ta wadatar a Nijar da Najeriya da Benin. Mai son intanet kuwa sai ya nemi mai 4G, ya duba ko tana da zanguna masu lamba 3 da 7 da 20, domin su aka fi amfani da su a Afirka da Turai.

A ina matsala take?

Yawanci tana tattare da wayoyin da ƴan'uwa ke aikowa daga waje. Wasu a kulle suke, ba sa karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da su. Wayoyin iPhone da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 2022 ba su ma da gurbin sa katin layi. Haka kuma manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022, saboda haka mai zuwa can kada ya dogara da tsohuwar waya.

Shawarwari

1. A karanta zangunan da aka rubuta a jikin kwali, ko a sa wanda ya iya karatu ya duba.
2. A gwada wayar da layi biyu na kamfanoni daban-daban a gaban mai sayarwa.
3. A fifita mai gurbin layi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na ƙasar da aka je.
4. A danna *#06#, a gwama lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali. Idan sun saɓa, a bar wayar.
5. A bakin iyaka waya kan kama layin maƙwabta da kanta, kuɗi su yi ta zurarewa mai ita bai sani ba. A saita ta yadda mutum zai zaɓi kamfani da hannunsa.
6. A ajiye lambobi tare da lambar ƙasa: +227 ta Nijar, +234 ta Najeriya, +229 ta Benin, +966 ta Saudiyya. A tuna cewa tun ƙarshen 2024 lambobin Benin sun koma guda 10, suna farawa da 01.

Kuɗin waya gumin damina ne ko ribar fatauci. Bincike na ƴan mintoci a rumfar mai sayarwa ya fi a tsinci kai a baƙon gari babu hanyar jin gida.