Ko ka sani? Tafin hannunka yana samun jini ta hanya biyu

Dunƙule hannunka da ƙarfi, ka sa wani ya danne maka wuyan hannu ta gefe biyu, ɓangaren babban yatsa da na ƙaramin yatsa, sannan ka buɗe. Za ka ga tafin ya yi fari. Sai ya saki gefe ɗaya kawai. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yawanci jini zai sake cika tafin gaba ɗaya, har da yatsun can ɗaya gefen da ake danne da shi. Wannan gwaji yana ɗauke da sunan Edgar Allen, likita a asibitin Mayo na Amurka, wanda ya bayyana asalinsa a 1929.

Daga zuciya jinin ke tasowa, ta babbar jijiya guda. Takan bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, ta faɗa hammata, ta gangaro ta cikin damtse. Ita ce ake ɗaure wa robar awon jini, kuma bugunta ake saurara a lanƙwasar gwiwar hannu, dabarar da likitan sojan Rasha Nikolai Korotkof ya fito da ita a 1905. Ƙasa kaɗan da gwiwar sai ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi babban yatsa, ita ce radiyal, wadda nas ke taɓawa don ƙirga bugun zuciya saboda tana kwance a kan ƙashi, fata kaɗai ta rufe ta. Ɗayar, ta gefen ƙaramin yatsa, ta fi nutsewa cikin tsoka. A tafin hannu suke sake haɗuwa, su yi baka biyu, ɗaya sama-sama ɗaya can ciki, daga nan rassa su bi gefe da gefen kowane yatsa. Kamar unguwa ce da aka ja mata ruwa ta bututu biyu aka haɗe bakinsu: in ɗaya ya toshe, famfo bai ƙafe ba.

Likitoci sun ga wannan rarar, kuma ba su bar ta ta zauna haka nan ba. A 1966 James Cimino da Michael Brescia a birnin New York suka wallafa dabarar ɗinke radiyal da wata jijiya mai mayar da jini zuciya, domin ta kumbura ta jure allurar wankin ƙoda. Duk mai ɗan'uwa da ke zuwa wankin ƙoda ya san wurin nan a hannu da ke gurnani in ka ɗora yatsa, wanda ake hana awon jini ko saka allura a hannun da yake. A farkon shekarun 1970 Alain Carpentier a Faransa ya fara cire radiyal ɗin ɗungurungum yana dasa ta a zuciya, ta kewaye jijiyar da ta toshe. A 1989 kuma Lucien Campeau a Montreal ta Kanada ya nuna ana iya zura siririn bututu ta wuyan hannu har zuciya, ba sai an bi ta matsematsi ba.

(Wasu ma hanya uku gare su. Ɗan tayi yana da wata jijiya a tsakiyar sangalin hannu wadda takan ɓace tun yana ciki, amma a jikin mutane da dama takan zauna har girma.)

Sai dai rarar nan daga ƙasan gwiwa take. A sama babbar hanya ɗaya ce, da 'yan ƙananan rassa da ba kullum suke iya ɗaukar nauyin ba. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa, ƙashin damtse ya karye daf da gwiwa: bakin ƙashin na iya danne jijiyar ko ya yage ta. Ga kumburi kuma yana ƙaruwa. In aka zo aka jera kara aka ɗaure tamau da tsumma, to an ƙara rufe ɗan abin da ya rage. Tun 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana abin da ɗauri mai tsanani ke haifarwa, kuma filastar asibiti ma in ta matse haka take yi. Akwai masu ɗori da suka san hannunsu, amma a ganina babu wanda ya kamata ya ɗaure karayar gwiwar yaro ya ce a dawo bayan mako.

Tsoka ba ta jure yankewar jini fiye da kamar awa shida. Alamar farko ita ce ciwon da ya wuce misali, musamman in an miƙe wa yaron yatsu ya ƙwalla ƙara. Sanyin yatsu, dushewar farce da mutuwar jiki daga baya suke zuwa, kuma ana iya jin bugun jini a wuyan hannu alhali tsokar ciki tana mutuwa. In aka kwance ɗaurin aka kai shi asibiti a daren, likita na iya tsaga fatar sangali ya sassauta matsin. In aka bari kwanaki suka wuce, tsokar kan ƙanƙance, wuyan hannu ya lanƙwashe, yatsu su ƙudundune, wani lokacin ma hannun ya ruɓe sai an yanke.